WANZAMAN ITATUWA: Masu Neman Abinci A Ƙwanƙolin Bishiya A Abuja

Daga Wakilinmu na Arewa

'Yan'uwa mazauna Kurmi, na Agege da Idi-Araba da Obalende, da na Sabon Badun da Shagamu, har zuwa Anacha da Fatakwal. Yau ba maganar siyasa na kawo muku ba, ba kuma farashin goro ko na shanu ba. Labarin wata sana'a ce wadda na daɗe ina wucewa ta gefenta a Abuja ban taɓa tsayawa na dube ta ba, sai da ruwan farkon damina ya tsai da ni dole.

Duk wanda ya taɓa zama a Abuja ya san yadda ruwan farko yake zuwa. Ba ya sallama. Iska ce za ta fara tasowa da ƙura, sa'an nan ta riƙa kaɗa itatuwa kamar za ta tumɓuke su, kafin ɗigon ruwa ɗaya ya taɓa ƙasa. To, irin wannan dare aka yi, da gari ya waye na fito daga masaukina a Garki sai na tarar wata ƙatuwar malaina ta faɗi ta tare titi, ta rushe katangar wani gida, ɗaya daga cikin rassanta kuma ya lotsa rufin wata mota. Allah ya kiyaye babu kowa a ciki. Jama'a sun taru ana ta salati, kowa na faɗin albarkacin bakinsa, amma babu mai iya ɗaga ko reshe guda.

Ana cikin haka sai ga wata a-kori-kura ta tsaya, mutum shida suka diro, da igiyoyi da tsani da adduna da zarton inji guda biyu. Babu hayaniya. Wani dattijo a cikinsu ya zagaya itacen sau biyu, ya duƙa ya dubi inda nauyinsa ya dogara, ya nuna wa yaransa inda za a fara da inda ba za a taɓa ba tukuna. Kafin azahar motoci sun ci gaba da wucewa, an jera gungume a gefe ɗaya, ƙirare a gefe ɗaya, har ganyen an share. Ganin haka na roƙi dattijon ya bar ni in bi su in ga aikinsu, ya yarda bisa sharaɗin kada in sa sunansa ko na wurin aikinsa a jarida. Kwana uku na yi tare da su.

Turawa suna kiran mai irin wannan aiki likitan fiɗar itace. Mutanen gari kuwa masu yankan bishiya suke ce musu, amma dattijon ba ya son wannan suna, ya ce yanka aikin mahauci ne. Ni dai wanzamai na ga ya fi dacewa da su, domin wanzami ne ke yin aski, shi ne kuma ke yin ƙaho da cire beli, watau yana gyara ado yana kuma fid da cuta, kuma da aska ɗaya zai iya warkarwa ko ya nakasa.

YADDA BIRNIN YA SAMI INUWA

Kafin mu hau sama, bari mu koma baya kaɗan. A ranar 3 ga Fabrairu 1976 ne Janar Murtala Muhammed ya ba da sanarwar ƙaurar da babban birnin ƙasa daga Ikko, bayan kwamitin Mai Shari'a Akinola Aguda ya ba da shawara, kwana goma kacal kafin a kashe shi. Aka kafa Hukumar Raya Babban Birnin Tarayya, watau FCDA, aka yanko ƙasa daga jihohin Neja da Filato da Kwara na wancan lokaci, tsohon garin Abuja kuma ya ba da sunansa ya koma Suleja. Wani gungun kamfanonin Amurka ya gama babban tsarin birnin a 1979, wani Bajapane mai suna Kenzo Tange ya zana tsakiyarsa, amma gwamnati ba ta tare ba sai ranar 12 ga Disamba 1991, zamanin Janar Babangida.

Abin da ya shafe mu cikin wannan tarihi shi ne, masu tsarin sun gudu ne daga cunkoson Ikko, wanda ku kun fi ni saninsa. Saboda haka suka ware wani babban kaso na filin birnin, kusan ɗaya cikin uku, suka ce ba na gini ba ne: duwatsu da bakin rafuka da lambuna da gefen manyan tituna. Waɗannan wurare sai da aka shuka su, kuma mutane ne suka shuka su da hannu. Dattijon namu yana cikinsu. Mutumin ƙasar Zazzau ne, ya zo yana saurayi a zamanin Shagari, ya shiga aikin lebura a wani kamfanin gine-gine, aka jefa shi sashen shuke-shuke don an ga ya iya riƙon fartanya. Daga ɗaukar butar ban-ruwa ya zama gadina, daga gadina ya zama shugaban gadinoni, har ya tara abin da ya sayi zarton inji na farko ya kama gaban kansa. Muna tafe cikin mota a Wuse yakan nuna wata bishiyar da mutum biyu ba sa rungume ta, ya ce a baƙar leda ya ɗauko ta da hannu ɗaya.

To, a nan gizo ke saƙar. Itatuwan da aka dasa cikin gaggawa shekara talatin zuwa arba'in da suka wuce yanzu sun girma, wasu sun tsufa, kuma yawancinsu baƙi ne da aka zaɓa don saurin girma. Malaina daga ƙasashen Indiya da Bama ta fito, ita ce aka yi gandunta a Kudu saboda masana'antun takarda irin na Jebba da Iwopin da Oku Iboku. Tana tashi da wuri, tana ba da inuwa, amma jikinta ba shi da tauri, in ta tsufa iska na karya ta. Darbejiya, wadda wasu ke kira dogon yaro ko maina ko bedi, ita ma 'yar Indiya ce, a 1928 aka fara dasa ta a Borno, yau kuwa kai ka ce tare da Bahaushe aka halicce ta. Akwai kuma wata mai rassa hawa-hawa kamar laima, 'yar asalin tsibirin Madagaska, wadda masu gida ke so don kyanta. Dattijon ya ce ita ce ta fi kowace kawo masa ciniki, domin saiwoyinta sukan bi ƙarƙashin daɓe su ɗaga shi, su tsaga katanga, su shiga ramin bahaya.

Itatuwan da Gwari suka sani tun kafin zuwan katafila, irin su ɗorawa da kaɗanya da kirya da maje da marke, sai ɗaiɗai suka tsira a cikin gari. Su ne kuwa suka san ƙasar suka san iskarta.

ASKIN MAƊACI

Rana ta biyu muka tafi wani gida a Maitama inda wani babban maɗaci ya miƙa reshe bisa rufin ɗaki. Uwargidan ce ta fito da kanta, kuma abin da take so a taƙaice shi ne a yi masa ƙwal-kwabo, a sare kan gaba ɗaya a bar gungume tsaye. Dalilanta uku: ganye na toshe mata magudanar rufi, jemagu na ɓata mata motoci, kuma maigadi ya ce ya ga maciji.

Dattijon ya cire hularsa ya ce, “Hajiya, ranki ya daɗe, in kin ce a sare za a sare, gidanki ne. Amma ki ba ni izini in gaya miki abin da zai biyo baya.” Ta ce, “Ina jin ka, Baba.”

Bayanin da ya yi mata shi ne nake so mai karatu ya riƙe, domin ko a harabar masallacin unguwarku zai yi amfani. In aka guntule kan bishiya ba mutuwa take yi nan take ba, firgita take yi. Sai ta fid da tohon gaggawa barkatai daga bakin saran, dogaye sirara, waɗanda a ɓawo kawai suka maƙale, ba su da tushe cikin jikin itacen. Bayan 'yan shekaru sun yi nauyi, a ƙarƙashinsu kuma wurin saran ya sha ruwa ya ruɓe ya zama kogo, gara ta shiga. Ranar da iska ta zo, su ne ke fara faɗowa. Watau mai gida ya biya kuɗi ya sayi hatsarin da da can babu shi. Ƙa'idar masu wannan ilmi ita ce kada a raba itace da fiye da kashi ɗaya cikin huɗu na ganyensa a lokaci guda, domin ganye ne madafarsa.

Hajiya ta yarda a rage, ba don ta gamsu ƙwarai ba, sai don an ce mata za ta rasa inuwar da ke sanyaya ɗakin sama.

Mai hawan wani saurayi ne ɗan ƙasar Katsina, siriri, wanda ya ce a ɗorawa da gawo ya koyi hawa, yana kakkaɓo kalwa yana saro wa awaki ganye. Ya ɗaura ɗamarar hawa a ƙugu da cinyoyi, ya sa hular kwano, aka jefa igiya ta wuce ta wata ƙaƙƙarfar gwafa can sama, ya bi ta ya hau. Sai da ya zauna daram ya ɗaure kansa wuri biyu sa'an nan aka aika masa da zarto ta igiya, a kashe. A ƙasa mutum biyu suna riƙe da wata igiyar dabam wadda aka ɗaura wa reshen, don in ya rabu da uwarsa a sauke shi sannu a hankali, kada ya faɗa kan rufin.

Reshe mai nauyi sara uku ake yi masa. Na farko daga ƙasa, ɗan nesa da jikin bishiyar, a ci kamar sulusin kaurinsa. Na biyu daga sama, gaba da na farko kaɗan, har reshen ya rabu. Hikimar saran farko ita ce, in babu shi, nauyin reshen zai ɓalle shi tun ba a gama ba, ya saɓule ɓawon uwar tun daga sama har ƙasa kamar ana feɗe akuya. Sara na uku shi ne na gwaninta, watau cire guntun da ya rage. A gindin kowane reshe akwai wani ɗan kumburi kamar wuyan riga. Ba a taɓa shi, a bakinsa ake yanka. In aka shafe shi don wurin ya yi sumul, ciwon ba zai rufe ba. In kuma aka bar dogon guntu, ruɓa za ta bi shi ta shiga ciki.

Da aka gama na tambaya ina fentin da za a shafa a bakin ciwon, domin na saba ganin ana shafa fenti ko baƙin mai ko kwalta. Dattijon ya yi dariya ya ce shi ma shekaru ya yi yana shafawa kafin ya daina. Gaskiyarsa kuwa. Wani masanin cutar itatuwa na hukumar gandun dajin Amurka, Alex Shigo, ya tsaga itatuwa dubbai da zarto yana duba cikinsu, ya nuna a shekarun 1970 da 1980 cewa itace ba ya warkewa irin ta mutum. Katange wurin da ya ji ciwo yake yi ta ciki, ya bar shi a killace, ya ci gaba da sabon girma a kansa. Fenti ba ya hana ruɓa, wani lokaci ma laima yake tsarewa a ciki.

Kafin yaron ya sauko sai da ya bi rassa ya cire kauci. Mu mun san kauci a wurin masu magani, kaucin kaza maganin kaza. A wurin waɗannan mutane kuwa ɓarawo ne. Tsuntsu ne ke cin 'ya'yansa ya goge baki a reshe, irin ya manne ya tsiro, ya soka saiwarsa cikin jikin itacen ya riƙa shan ruwansa. Tsinke shi ba ya isa, sai an yanke reshen daga bayan inda ya kama. Wani daga cikin yaran ya tattara shi a buhu, ya ce akwai mai saye a kasuwa.

Wani abin da dattijon ya nuna mini a gidan, wanda ya ce ya fi kauci kisa, shi ne siminti. An zuba daɓe har jikin bishiyar, babu inda ruwa zai shiga. Mutane suna zaton saiwa can ƙasa take nutsawa kamar rijiya, alhali yawancin saiwoyin da ke ciyar da itace ba su wuce zurfin ƙafa biyu ba, sai dai su bazu nesa har su wuce iyakar inuwarsa. Wanda ya haƙa lambatu ko ramin bututu kusa da gindi ya datse su, ya yanke wa bishiyar ƙafa ta gefe ɗaya, ko da ganyenta na nan kore shar. Malainar Garki da ta faɗi, da aka duba gindinta, duk saiwoyin gefen titi a guntule suke tun wani tsohon haƙa.

ABIN DA BA A SO A FAƊA

Yanzu bari mu zo kan abin da ya sa na rubuta wannan. Sana'ar nan tana kashewa, tana kuma nakasawa, kuma 'ya'yanmu ne a kan gaba.

Kamfanoni irin na dattijon nan, masu igiya da ɗamara da hula, ba su ne suka fi yawa ba. Mafi yawan askin da ake yi wa itatuwan Abuja samari 'yan ci-rani ne ke yin sa, waɗanda ake ɗauka da safe a bakin hanya, da adda a hannu da silifa a ƙafa. Mai gida na neman araha, maigadi ya kira ɗan garinsu, a yi ciniki a tsaye, yaro ya cire silifa ya dare. Hatsarin kuwa iri-iri ne. Akwai busasshen reshe mai kama da lafiyayye. Akwai zuma da rina, waɗanda in suka taso wa mutum a sama ba shi da wurin gudu sai ƙasa. Akwai wayar lantarki, kuma ɗanyen reshe na ɗaukar wuta, babbar waya ma ba sai an taɓa ta ba, kusantarta ya isa. Shi ya sa dattijon ba ya sa yaro kusa da waya sai ma'aikatan lantarki sun kashe layin ya gani da idonsa. Shi kansa zarton, in hancinsa na sama ya taɓa itace yakan yi tsalle ya dawo wa mai riƙe da shi a fuska ko kafaɗa kafin ƙiftawar ido.

Yaran sun ba ni labarin wani abokinsu, ba a wurinsu yake aiki ba, wanda ya faɗo daga mangwaro a wani gida ya karye a baya. Mai gidan ya ba da kuɗin mota da ɗan abin da ya sawwaƙa, 'yan'uwa suka yi karo-karo aka kai shi gida wurin maɗori. Har yau a kwance yake, da mata da 'ya'ya biyu. Babu takarda, babu shaida, babu wanda ya san ma akwai inda ake kai ƙara.

Alhali kuwa akwai doka. Dokar Biyan Diyyar Ma'aikata ta 2010 ta wajabta wa mai ɗaukar ma'aikata ya riƙa zuba kashi 1 cikin 100 na jimlar albashin da yake biya a asusun hukumar NSITF, don a biya wanda ya ji ciwo ko iyalin wanda ya mutu a bakin aiki. Dokar ba ta ware ma'aikacin wucin-gadi ko ɗan koyo ba, ba ta kuma ce sai yarjejeniyar da aka rubuta ba. Amma doka a takarda dabam, yaron da aka ɗauka a bakin titi ba a ko tambayi sunan mahaifinsa ba dabam. A ganina wannan aiki ne na sarakunan Hausawa da shugabannin ƙungiyoyinmu, a Abuja da nan Kudu, domin na san a Ikoyi da Bodija ma 'yan'uwanmu ne ke hawa. Ƙungiyar da ke iya tara kuɗin kai gawa gida, tana iya tara na igiya da ɗamara.

CIYAWA CE KE RIƘE DA GIDA

Hawan itace shi ne abin kallo, amma dattijon ya ce ba shi ke biyan albashi ba, domin yau akwai gobe babu. Abin da ke riƙe da kamfanin shi ne kwangilar wata-wata ta kula da harabar ofisoshi da makarantu da rukunin gidaje: yankan ciyawa, askin shingen furanni da almakashi, cire tofa da aya-aya, shara, zuba taki, ban-ruwa. Damina a Abuja takan kama daga Afrilu zuwa Oktoba, a lokacin ciyawa ba ta jiran kowa, kusan kowane mako sai an bi ta. Ita ma tana da ƙa'ida, ba a cire fiye da sulusin tsawonta a yanka ɗaya, in aka aske ta har ƙasa rana ta ƙone ta, ciyawar banza ta samu ƙofa. Wadda aka fi shimfiɗawa a gidajen manya ana kiranta ciyawar Fatakwal, sai ku ji daɗi ku mutanen can. Da hunturu kuwa aikin ya koma jan tiyo da sharar ganye, inda babu rijiyar burtsatse sai an sayi ruwan tanka.

Babu abin da ke zubewa banza. Gungume masu kyau sukan tafi wurin masu tsaga katako, sauran kuma masu gidan burodi da masu tsire da masu abincin sayarwa ke kwashewa. Ganye da yankakkiyar ciyawa ana tara su a rami a gauraya da kashin shanu su zama taki. A bakin wani rafi kamfanin ke da wurin renon dashe, dubban baƙaƙen ledoji a jere, irin waɗanda duk mai shiga Abuja ke gani a gefen hanya.

Kukan dattijon biyu ne. Na farko mai. Zarto da injin yankan ciyawa duk fetur suke sha, na zarton ma sai an gauraya shi da man inji na musamman, kashi 1 cikin 50. Tun da aka janye tallafin mai ranar 29 ga Mayu 2023, lita ta tashi daga ƙasa da Naira 200 ta haye 500 cikin 'yan kwanaki, a ƙarshen 2024 har ta wuce 1,000, amma masu ba da kwangila suna so a tsaya a tsohon farashi. Ga kayan gyara daga waje suke, zarton Stihl na Jamus ne, Husqvarna na Suwidin, jabunsu kuma sun cika kasuwa. Na biyu jinkirin biya. Ofis yakan riƙe kuɗin wata uku ko huɗu, ciyawa ba ta daina tsiro ba, yara ba su daina cin abinci ba.

Su yaran kuwa babu mai kwana cikin birnin da suke yi wa ado. Daga Mararaba da Masaka a jihar Nasarawa suke fitowa, wasu daga Madalla da Suleja a jihar Neja, wasu Gwagwa da Mpape, inda za ka yi tafiya mai nisa ba ka sami bishiyar da za ka fake ba. Ɗaya daga cikinsu ya ce su da Abuja inuwar giginya ce, na nesa ka sha.

Akwai kuma hukuma. A cikin birnin ba a sare babbar bishiya, musamman ta bakin titi, sai da izinin Sashen Lambuna da Wuraren Shaƙatawa na Babban Birnin Tarayya, ga kuma Hukumar Kare Muhalli ta Abuja, AEPB, wadda dokar 1997 ta kafa. Dattijon ba ya tayar da zarto kan itace mai rai sai ya ga takarda, ya ce sau da yawa nan ciniki ke ɓaci, mai gida ya nemi wanda zai yi masa da dare. Ni kuwa abin da ke ɗaure mini kai shi ne, ana bin mai bishiya ɗaya da takarda, amma filin da aka ware don lambu sai ka wayi gari ka ga an kewaye shi da kwano, bayan wata shida bene ya tashi. Malam Nasiru el-Rufa'i, lokacin da yake ministan birnin daga 2003 zuwa 2007, ya yi rusau mai yawa da sunan komawa kan tsarin asali, aka ƙwato wasu filayen, aka ba 'yan kasuwa su raya su. Da yawansu suka rikiɗe suka zama mashaya da wurin gasa kifi, aka zuba daɓe inda ya kamata ciyawa ta kasance. Wanda ke son ganin abin da masu tsarin suka nufa, sai ya je Lambun Millennium a Maitama, mai faɗin hekta 32, wanda wani Ba'italiye, Manfredi Nicoletti, ya zana, Sarauniya Elizabeth ta Ingila ta buɗe ranar 4 ga Disamba 2003.

Kada mai karatu ya ɗauka wannan ilmi na Turawa ne kaɗai. A ƙasar Maraɗi, tun daga 1983, wani mutumin Ostareliya mai suna Tony Rinaudo ya lura cewa 'yan tsirran da manoma ke sassabewa kowace shekara ba ciyawa ba ne, toho ne daga kututturen itatuwan da aka sare, saiwoyinsu na nan da rai. Manoma suka riƙa zaɓen toho mafi ƙarfi su bari, su rage sauran, su yi masa aski yana tashi. Suka kira abin sassabin zamani. Masu bincike sun ƙiyasta cewa ta haka itatuwa wajen miliyan 200 suka dawo a fili mai faɗin hekta miliyan 5 a Jamhuriyar Nijar, da adda da lauje kawai. Hannun da ya iya wannan, igiya da 'yar koyarwa kaɗai suka rage masa. Mai ɗa ɗan sakandare kuma ya sani akwai Kwalejin Gandun Daji ta Tarayya a Jos da Badun, akwai ta injunan gandun daji a Afaka kusa da Kaduna.

Rana ta uku muka koma Garki, domin mai gidan da katangarsa ta rushe yana son a cire kututturen malainar a dasa wani abu a gurbinta. Sai da aka yini ana haƙa da diga da gatari kafin ya fito. Alhajin ya ce mai laimar nan yake so, don tana saurin tashi. Dattijon ya ce, “Alhaji, da za ka ji tawa, da maɗaci ka sa, ko tsamiya, a ja da ita nesa da katanga.” Alhaji ya ce tsamiya kam a'a, iyalinsa ba za su yarda ba saboda abin da ake faɗa a kanta, maɗaci kuma yaushe zai girma har ya sha inuwarsa? Aka yi ta ja-in-ja, daga ƙarshe aka tsaya kan maɗaci. Dattijon ya auna taki shida daga sabuwar katangar, aka haƙa rami mai faɗi ba mai zurfi ba, aka yage ledar, aka zaunar da dashen daidai inda ƙasa ta tsaya masa a da, aka kewaye shi da ƙaya saboda awaki. Ya gaya wa maigadi ya ba shi bokiti guda duk ranar da ba a yi ruwa ba, kuma kada ya bari a zuba siminti kusa. Ana loda kaya aka bugo waya daga Gwarinpa, wai wata darbejiya ta jingina da rufin makaranta, a nan muka yi sallama.